Hannun da Toka Ta Ci

Ni ne Zakari Mai-Tara, mahaƙin rijiya, wanda ƙasa ta rufta da shi a Lugu aka tono shi yana faɗa da masu tonon don sun yi nawa. Yatsuna tara ne, can sunan ya samo asali. Yunwa biyu manya sun bi ta kan Arewa ina raye, sun kwashe waɗanda suka fi ni ƙiba, ni suka bar ni. Ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba. Baƙaƙen nan da furfurata na tsince su a karatun manya, malamin kuma har yau yana ba da labarin kaifin kaina. Ban faɗi haka don a yi mini kirari ba, ko da yake in an yi ba a yi ƙarya ba. Na faɗa ne don ku san mutumin da bai zubar da hawaye ba ranar da wanzami ya datse masa yatsa, shi ne abin da ya gani a wani gida a Dumega ya hana shi cin tuwo.

Gidan Nuraddeen ne, ɗan kasuwa mai butiki a bakin tasha. Wadda abin ya faɗa wa kuwa Mariama ce, gwaggonsa, yayar mahaifinsa marigayi. Ba miji, ba ɗa raye. Ni taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, tun muna yara muke zagin juna. Yaran gari Iya suke ce mata.

Mariama daudawar batso take yi, kuma duk Arewa ban ga mai yinta kamarta ba, ni kuwa na sha miya a garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba. Wanda bai san aikin ba ya saurara. Gurguzu ne, 'ya'yan yakuwa, a wanke shi ruwa bayan ruwa, a dafa shi wuni guda, a rufe a tukunya ya ruɓa. Sannan a daka, a zuba ruwan toka da aka tace daga tokar karan hatsi, a cuɗa da hannu, a sake rufewa, a sake cuɗawa, a dunƙula, a shanya. Daga farko har ƙarshe hannu cikin ruwa yake, ruwan tokar nan kuwa kaifi gare shi kamar siminti. Da can tukunya ɗaya take yi, ta huta har kasuwa ta zagayo, ta shafa man shanu, hannu ya koma daidai. Sai Nuraddeen ya gano mutanen Yamai na son daudawar. Ya sayo leda, ya bugo takarda ya liƙa, an rubuta "Hannun Iya". Komandi, wato odar masu saye, ya riƙa shigowa ta waya. Tukunya ɗaya ta zama layi guda jikin katanga, kullum akwai wadda za a buɗe.

Ranar da na fara gani, igiyar shanya na kai musu, don tun da na bar shiga rijiya tufkar igiya nake yi. Na iske ta durƙushe gaban ƙwarya tana cuɗa.

"Tsohuwa, har yanzu Mala'ika bai gane ƙofarki ba?" na ce.

"Ya zo jiya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na nuna masa gidanka, ya ce shi ba ya karɓar kayan da ba su cika ba."

Na yi dariya na tsuguna. Da ta fiddo hannu za ta gyara kallabi, na bar dariyar. Fatar da ke zagaye da akaifunta ta kumbura ta yi ja, ta janye daga jikin akaifa har kana iya zura tsinke a tsakani. Akaifun kansu sun yi kunya-kunya kamar gonar da aka huɗe.

"Miƙo hannun."

"Aure za ka nema?"

"Miƙo, na ce."

A nan fa ba mai koya mini. Ciwon gefen akaifa ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne na ɗanɗana shi a jikina. Akwai na gaggawa, wanda ƙaya ko sartse ke buɗe wa ƙofa, ko cizon akaifa, ko mai yankan akaifa da ya zurfafa aska. Shi wannan yau ka ji zafi, gobe ya tara mugunya, in an huda shi da wuri an wanke sai ka manta da shi. Akwai kuma na sanɗa, wanda muke kira cin ruwa, na masu wanki da masu surfe da mu da muka ɗaure rijiya da siminti. Shi ba ya ihu. Ɗan bangon nan da Allah ya gina tsakanin fata da akaifa yake ci, a hankali, yatsa bayan yatsa, kuma farkon maganinsa a raba hannu da ruwa. In ba a raba ba ƙofa ta zauna a buɗe, wata rana babban baƙo ya shigo. Shi ne ɗan karkare, mai nutsawa cikin tsoka har ƙashi, mai bugawa kamar ganga. Shi ya ci nawa. Na Mariama cin ruwa ne, ya bi kusan duk yatsun, amma manuniyarta ta dama ta fi sauran zafi. Na ji ta a tafina kamar an ɗauko ta daga murhu.

"Wannan hannun hutu yake so," na ce. "Ki bar toka har ya bushe."

Fadila, matar Nuraddeen, tana zaune a inuwa tana liƙa takardu jikin leda. Ita ta amsa.

"Baba Zakari, in ta bari wa zai yi? Ni ko warin ba na jurewa, kaina yake sarawa. Kuma ai Iya ba ta ce yana damunta ba. Ko Iya?"

"Ba komai," in ji Mariama. Ta maida hannun cikin ƙwarya. Na ga ta ciji leɓe lokacin da tokar ta taɓa shi.

Ni ba a yi mini gardama in koma gida in kwanta. Ina da safar hannu ta roba, baƙa, doguwa har gwiwar hannu, wadda na yi aikin siminti da ita a rijiyar ƙarshe da na ɗaure. Babban yatsan dama ya taɓa hujewa, na liƙe shi da jan facin tayar keke. Na wanke ta da sabulu har ta yi ƙyalli, washegari na kai.

Mariama ta zura hannuwa ciki, ta ɗaga su sama tana jujjuyawa.

"Yau na zama lokotoro. Zo in yi maka allura, ko Allah ya sa wani yatsan ya tsiro."

Ta cuɗa ƙwarya guda da safar. Na ga fuskarta ta saki, har tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa. Ana cikin haka Nuraddeen ya shigo daga masallaci. Ya gaishe ni da ladabi, don shi bai taɓa rasa ladabi ba, sannan ya tsaya kanta.

"Gwaggo, mi ke nan a hannunki?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai.

"Baba, na gode da kulawa, amma ba ta yiwuwa. Roba wari gare ta, daudawa kuwa tana shan duk abin da ya taɓa ta. Kuma kai ka riga ni sani, daudawa hannu take bi. Mata goma su yi da gurguzu ɗaya, ta kowa daban. Abin da kiliyan ke saye hannun Gwaggo ne tsirara. In na ba su ta roba na ha'ince su, Allah zai tambaye ni."

"Yatsun nan fa, ba zai tambaye ka su ba?"

"Ciwo kaffara ne, Baba. Za mu nemo magani."

Da kansa ya zare safar daga hannunta, a hankali kamar mai cire wa jariri riga, ya miƙa wa Fadila. Na ce su ajiye ta nan, ko za su sake shawara. Fadila ta kai ta ɗaki.

Gaskiya ɗaya ce, maganar hannu ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Iyayenmu ma haka suka ce, akwai mai hannun daudawa, akwai wadda in ta taɓa sai ta lalace. Da wannan igiyar ya ɗaure bakina, ni da na san igiya.

Maganin da suka nemo kuwa ga shi. Fadila ta huda lemun tsami ta cusa yatsan ciki, ta ce haka ake yi a gidansu. Da bai yi ba, wani ɗan tasha ya ce man birki, aka ɗiga mata man birki, fata ta saluɓe. Sai ƙwayoyi ja da rawaya daga mai tebur, ta sha yau, gobe a manta. Tukwane dai ba su tsaya ba. Na koma na iske ta zaune ta ɗora hannun dama bisa kanta kamar mai ɗauke da kaya, don in ta sauke shi ƙasa bugun ya fi ƙarfinta. Manuniyar ta yi kamar ƙaramin dankali, ta tsakiya ta fara bin sahu. Ta naɗe su da tsumma, tana cuɗa da hagu, tana danna da gindin tafin dama.

"Tashi mu je likita," na ce.

"Kai da ka ce wanzami ya yanke naka ko ƙiftawa ba ka yi ba, yau kai ke kiran likita?"

"Da na je da wuri da yau sunana Zakari kawai."

Ta dubi ƙofar ɗakin Fadila, ta rage murya.

"Bar shi, Zakari. Gidan wani nake. Yaron nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma na san abin da ya sa ake kawo mini tuwo da zafinsa. Ranar da hannun ga ya zauna, tuwon zai fara zuwa da sanyi."

Na nufi butiki. Na iske shi yana jera katan, waya maƙale a kunne yana zuba faransanci da wani kiliya. Ya gama, ya ba ni kujera, ya aika a sayo mini shayi. Na ce ba shayi ya kawo ni ba.

"Baba, ka yi tunani," ya ce. "Likitar garin nan, a nan ne matan Dumega ke taruwa, masu awo da masu rigakafi. In Gwaggo ta buɗe yatsan nan gabansu, kafin la'asar kowa ya san hannun da ke cuɗa daudawa yana fidda mugunya. Kafin magariba labari ya kai Yamai, waya ba ta da ƙafa amma ta fi mota gudu. Abin da muka gina ya rushe ke nan, ita ma da mi za ta ci? Ka bari mu gama komandin azumi. Ni da kaina zan kai ta Dutsi, inda ba wanda ya san ta."

"Ɗan karkare bai san azumi ba."

"Allah ya san shi."

Ita kuwa Fadila tata hujjar daban. A bakin rijiya take gaya wa mata wai ba ciwon likita ba ne, iska ce, don uwar Iya mutumiyar Lugu ce, doguwar gidansu ce ta biyo ta tana neman a yi mata yanka. Mijin in ya ji sai ya ce shi bai yarda da wannan shirme ba, kuma ba mai kawo masa bori gida. Matar ta ce ba na likita ba ne, mijin ya ce ba na boka ba ne. Sun saɓa a komai, sun haɗu a abu ɗaya, tsohuwa ba ta fita.

Sai maganar lalle. Wani babban kiliya ya ce yana so ya ga Iyar da idonsa tana aiki, a ɗauko ta a waya a tura masa. Hannun kuwa ba ya nunuwa. Fadila ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mata, hannu biyu har wuyan hannu, ta maimaita, ta bi shi da abin da mata ke sawa ya koma baƙi. Aka ɗaura mata sabon kallabi, aka zaunar da ita gaban ƙwarya, aka juya ta yadda hagu ce ke gaba. Ni a wurin masu shayi na gani, samari na miƙa wa juna waya.

"Baba Mai-Tara, taubashiyarka ta sha lalle. Ko kai ne angon?"

Na karɓa na duba. Tana murmushi, tana cuɗawa, hannu baƙi sidik gwanin kyau. Wanda bai san ta ba sai ya ce Allah ya ba tsohuwar nan 'ya'yan kirki. Ni da na san ta tun tana tallan gyaɗa, na ga zufa a goshinta, na ga yadda haƙoranta suke a dantse bayan murmushin.

Daga ranar aka rufe mini ƙofa. Na yi sallama a zaure, Nuraddeen ya fito ya tare bakin ƙofar da jikinsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi bincike, taubasantaka al'ada ce, kai ba muharramin Gwaggo ba ne. Shigarka cikin gida bai dace ba."

"Shekara nawa ina shiga gidan nan, sai yau ka yi bincike?"

"Ilimi kullum ƙaruwa yake."

"Limamin masallacinku bara bisa babur ya goya tsohuwar taubashiyarsa ya kai ta likita, gari na kallo. Shi bai yi binciken ba? Kada ka rataya wa addini jakar cinikinka, yaro, ba zai ɗauka ba."

Bai yi fushi ba. Ya ce Gwaggo na samun sauƙi, tana gaishe ni. Ya ja ƙyaure.

Azumi ya kama. Ina zaune bakin kasuwa gaban igiyoyina, ina ganin katan-katan na fita daga gidan ana ɗora wa mota. In na tambaya a ce da sauƙi. Asiya ce ta fasa ƙwan, Bafillatana mai tallan nono, wadda ba a hana ta shiga kowane gida. Ta sauke ƙwaryarta gabana da hantsi, ba ta ko gaishe ni ba.

"Baba, tsohuwarku tana wari."

"Gidan daudawa ne, Asiya."

"Haka matar gidan ta ce mini. Ni kuwa cikin dabbobi na tashi, na san warin daudawa, na san warin abin da ya mutu a jikin mai rai. Na leƙa ɗakin. Tana kwance tana kiran sunan mutanen da ban sani ba."

Na ɗaura wa jakina amalanke. Ban yi sallama ba. Ni da na shiga rijiya mai gaba arba'in da macijiya a ciki, ƙyauren langa-langa ne zai tsaida ni? Na sa kafaɗa, sakata ta tashi. Fadila ta miƙe daga kan tabarma tana salati. Nuraddeen na tsakar gida yana ƙirga katan, ya biyo ni yana "Baba, Baba, haramun ne." Na ce ya kira duk wanda zai kira.

Tana kwance a ƙasa kusa da turmi, jiki kamar garwashi. An ajiye mata ƙwaryar gurguzu a gefe, an jawo hannunta na hagu an ɗora a bakin ƙwaryar, wai ko za ta ɗan taɓa in ta farka, don kada a ce ba hannunta ba ne. Na kwance tsumman dama. Hannun ya kumbura har wuyan hannu, wani jan layi ya haura damtse, kaluluwa ta fito a hammata kamar ƙwan zabo. Yatsun biyu baƙi ƙirin. Amma sauran ma baƙi ne, na lalle. Sai da na matsa na ji bambancin, sauran da zafi, waɗannan biyun sanyi ƙalau.

Ta buɗe ido ta gane ni.

"Kai ne, ragowar rijiya? Tukunyar bakin ƙofa yau ake buɗe ta. In ta wuce yau ta yi tsami."

"Ta yi tsamin."

Na ɗauke ta. Na sha ɗauko ƙarti daga ƙasan rijiya a kafaɗar nan, ita kuwa ba ta fi damin kara nauyi ba. Fadila ta biyo ni da zane.

"Baba, don Allah a rufe hannun, kada mutane su gani."

Ban rufe ba. Ta tsakiyar kasuwa na bi da amalanken.

Majo, babbar ma'aikaciyar likitar, mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa auduga da ruwan magani tana goge yatsun, baƙin bai fita ba. Ta tsikari kan manuniyar da allura, Mariama ba ta motsa ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya sa mata lalle a kan wannan?"

Na faɗa mata.

"Da ba lallen, ko yaro ya ga yatsan ya sauya launi ya san ba lafiya." Ta ɗiga jinin Mariama a wani ɗan ƙarfe ta duba. "Ga suga kuma, ya hau sosai. Mai suga ƙaramin tsagi ma ba a wasa da shi. Ruwa da toka suka buɗe gefen akaifa, ƙwayar cuta ta samu hanya, man birki ya ƙone abin da ya saura. Da farkonsa hutu ne da ɗan magani da abin rufe hannu. Da ya tara, tsagawa ce kaɗan. Yanzu ya wuce nan, sai Dutsi, kuma yau."

A Dutsi suka yi abin da za su iya. Suka cire manuniya da ta tsakiya har gindi, suka tsaga tafin suka wanke. Rai ya tsira. Sauran yatsu ukun suka ƙage, sun lanƙwashe kamar ƙafar kazar da aka yanka, ba sa miƙewa, ba sa damƙa.

Nuraddeen ya zo da lemu da ayaba cike da leda, ya sayi duk maganin da aka rubuta, ba a ce ya rage ko ɗaya ba. Ya zauna bakin gado yana mata fifita. Masu jinya na gefe suna ta sa masa albarka.

"Wallahi ɓoye mana ta yi," yake ce musu. "Kun san tsofaffinmu da zurfin ciki. Kullum muka tambaya sai ta ce ba komai. Ga lalle ya rufe, mu ina za mu gani?"

Wata mata ta ce, "Haka suke, ɗana. Allah ya ba ka lada."

Na dubi Mariama in ji ko za ta yi magana. Ta juya fuska bango.

Bayan salla aka maido ta gida. Ɗakinta na kusa da turmi an cika shi da katan, aka ce iska ta fi shiga ta rumfar da ke bayan garken awaki, can aka shimfiɗa mata tabarma. Tuwo na zuwa, ba a hana ta ba. Na taɓa kwanon da hannuna, da sanyinsa yake zuwa, kamar yadda ta faɗa. Binciken da aka yi a kaina kuma ban san inda ya shiga ba, yanzu ko sallama ban gama ba ake cewa in shigo.

Ni na ɗauka sana'ar ta mutu. Na bi da ita ta kasuwa hannu a buɗe, kowa ya gani. Aka yi surutu kwana kaɗan, aka koma zancen tsadar hatsi. Yamai kuwa ba ta ji ba, ko ta ji ba ta damu ba. Mai hannu dai ta zauna, na ce to yanzu sai mu ga abin da za a zuba a leda.

Ran nan na shiga da hantsi. Tukwane na nan a layinsu jikin katanga, har an ƙara. Tabarmi cike da daudawa tana shan rana. A kan igiyar shanya, igiyar da na tufka da yatsuna tara, ga safar roba baƙa an wanke an rataye tana ɗigar ruwa. Na matsa. Ga jan facin tayar keke a babban yatsan dama.

Fadila ta fito tana shafa mai a hannu.

"Baba, ka gane kayanka? Wallahi ta yi mini amfani. Ranar farko da na taɓa tokar nan da hannu, har dare yatsuna na raɗaɗi. Maigida ya ce kada in sake, in sa wannan kafin ya sayo mini sabuwa daga Dutsi."

"Warin robar fa?"

"Ai in an wanke da kyau ba ya kamawa."

"Kiliyan fa, da hannun Iya suke saye?"

"Ba wanda ya ce komai. Jiya ma an ƙara komandi."

Na wuce bayan garke. Mariama na zaune ta ɗora dungun hannun a cinya, lallen bai gama fita daga akaifu ukun da suka rage ba. Daga inda take ana hango igiyar sarai.

"Mai-Tara," ta ce, "ka rage girman kai. Yanzu na fi ka, ni Mai-Takwas ce."

Na tsuguna kusa da ita.

"Ɗauko mini ɗaya daga tabarmar can," ta ce.

Na ɗauko dunƙule guda na ba ta. Ta karɓa da hagu, ta shinshina, ta gutsura kaɗan ta ɗora a harshe. Ta daɗe tana juya shi a baki, idonta a kan safar. Ina jira ta tofar, ina roƙon Allah a zuciyata ta tofar.

Ta haɗiye.

"Daidai take," ta ce. "Ba abin da ya rage ta."

Ta miƙo mini sauran, ta jawo zane ta rufe hannun.

To, ku mutanen Yamai da na Dutsi, masu buɗe leda ku jefa a miya ku ce kai, hannun tsofaffi daban ne, ga labarin hannun. Har yau takardar ba ta sauya ba, "Hannun Iya" aka rubuta, kuma hoton nan na lalle shi ake tura wa sabon kiliya. Ban ce ku daina saye ba, daudawar na da kyau, mai ita da bakinta ta shaida. Nuraddeen na sahun gaba a masallaci, in ya gan ni ya rusuna ya gaishe ni, ba wanda zai kai shi gaban alƙali don yatsa biyu na tsohuwar da ta ce ba komai. Na dai ce ku leƙa bayan gidajenku. Duk inda kuka ga tsohuwa durƙushe gaban ruwa tana cewa ba komai, ku ce ta miƙo hannun, ku taɓa shi da naku, kada ku tsaya ga launi.

Ni Zakari, ƙasa ta danne ni na fito, yunwa ta kore ni ta gaji, aska ta bi ta ƙashina ban ƙifta ba. Amma yanzu in zan shiga gidan nan ta bayan garke nake zagayawa, don kada in bi ta ƙarƙashin igiyar. Safar na nan rataye kowace safiya, yatsu goma cif, ba wanda ya kumbura.